Hannun hagu na haya

Sana'ata jifa ce. A wasan besbol akwai mutum ɗaya da ke tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, ya jefa ƙwallo mai nauyin kusan giram 145 zuwa ga mai cafka da ke tsugune a gabansa, nisan mita 18.44, mai sanda na abokan karawa kuma yana jira ya doke ta. Idan mai jifa ya fitar da masu sanda uku, an gama rabin zagaye, wasan kuwa zagaye tara ne. Ni ne wannan mutum na kan tudu, da hannun hagu, daga 2012 zuwa 2021. Ban taɓa taka filin babbar gasar Amurka ta MLB a matsayin ɗan wasa ba. Irinmu ne suka fi yawa a wannan sana'a, waɗanda ke yawo daga ƙungiya zuwa ƙungiya, daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma ba kasafai ake jin labarinmu ba.

A Bronx, wata unguwa a birnin New York, aka haife ni, iyayena daga zangon Kumasi suka zo. Yaran unguwarmu yawanci 'yan Dominika ne da Fotoriko, su kuwa besbol a jininsu yake, don haka da shi na tashi. Jifa ce ta biya mini kuɗin karatun jami'a. Da na gama, wata ƙungiya ta ɗauke ni can ƙarshe-ƙarshen zaɓen sababbin 'yan wasa, wanda a lokacin zagaye 40 ne. Wanda ya gama jami'a aka ɗauke shi a wannan mataki ba shi da bakin ciniki, dala 1,000 ake ba shi ya sa hannu. Baba ya duba takardar ya ce, "Ɗana, wannan aiki ne ko wasa?" Na ce, "Baba, aiki ne, albashin ne na wasa." Bai yi dariya ba, ya dai sa mini albarka, Mma kuma ta cika mini jaka da yaji da gari.

Kowace babbar ƙungiya tana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta, hawa-hawa, daga na sababbin shiga har zuwa matakin da ke dab da MLB. A lokacinmu, a ƙasan tsanin, albashi wajen dala 1,100 ne a wata, kuma sai a watannin kakar wasa. Atisayen bazara kyauta muke yi. A cikin ɗan albashin nan za ka biya haya, ka biya mai kula da ɗakin sauya kaya kuɗin wanki da abinci. Mukan haɗu mu biyar ko shida a gida mai ɗaki biyu, kowa da katifarsa ta iska. A gama wasa ƙarfe goma na dare, a hau bas, gari ya waye mana a wata jiha. Da hunturu na yi dakon kaya a sito, da yamma in je in yi jifa a jikin raga. A 2013 da 2014 azumi ya ratsa watan Yuli, tsakiyar kaka. Ana fara wasa ƙarfe bakwai, rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas, saboda haka a benci nake buɗa-baki da dabino da ruwa, ina sauraron ko wayar koci za ta yi ƙara a ce in tashi in ɗumama hannu. Ranakun doguwar tafiya nakan sha in rama daga baya.

Jifana mafi ƙarfi bai wuce mil 89 a awa ba, a zamanin da masu farautar 'yan wasa ke neman 95. Abin da ya tsawaita mini kwana a sana'ar wani tsohon kocin masu jifa ne ya ba ni shi, mutumin da shi ma ya yi yawon duniya da hannunsa. Ya ce mai sanda ba gudun ƙwallo yake duka ba, lokacin isowarta yake duka, wanda ya ɓata masa lissafin lokaci ya gama da shi. Ya koya mini jifan yaudara: ka tura ƙwallon can cikin tafin hannu, ka haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe a gefenta, sauran yatsu uku su kwanta a kanta, sannan ka wurga da irin ƙarfin damtsen da kake wurga mai gudu. Hannu ya nuna gudu, ƙwallo ta iso da ragin mil takwas ko goma, ta ɗan nutse. Wahalar ita ce zuciya takan so ta rage saurin hannu, mai sanda kuwa da ya ga haka ya gane. Sai da na daɗe ina wasan cafke da wannan riƙo kullum kafin hannuna ya yarda. Abu na biyu da ya nace a kai shi ne jifan farko ga kowane mai sanda ya shiga inda alƙali zai ƙirga shi mai kyau. Koci zai yafe wa mai gudun 97 idan ya yi ta jifa ba saiti har masu sanda suka wuce kyauta, domin yana hangen abin da zai zama gobe. Mai 89 ba a yi masa wannan haƙuri. Da wannan jifa na hau har mataki na biyu daga sama, aka kuma taɓa kirana mataki na ƙarshe na ɗan lokaci don in cike gurbin wani da ya ji ciwo.

A 2015 jijiyar cikin gwiwar hannuna ta tsinke. Aikin da ake yi wa wannan ciwo sunan Tommy John yake ɗauke da shi, mai jifan da likita Frank Jobe ya fara yi wa shi a 1974: a ciro wata jijiya daga gaban hannu ko ƙafa, a huda ƙashi, a saƙa ta a madadin wadda ta lalace. Jinya takan ci wata 12 zuwa 18. Mutane na cewa ana dawowa da ƙarin ƙarfi, ni dai ban ga haka ba. Gudun ya dawo kafin saiti ya dawo, kuma kafin saitin ya daidaita an kawo sababbin yara biyu masu hannun hagu a bayana. Ƙarshen atisayen bazara na 2017 aka kira ni ofis da safe, aka gode mini, aka miƙa mini tikitin jirgi. Magana ba ta kai minti biyar ba. Ban riƙe su a zuciya ba, gurbi ne ba ya isa.

Daga nan rayuwa ta koma ta ɗan ci-rani: inda aka ce akwai aiki, can za ka nufa da jakarka. Na fara da gasar Atlantic, wadda aka kafa a 1998, ba ta ƙarƙashin kowace babbar ƙungiya. A can za ka tarar da wanda ya taɓa wasa a gaban mutum dubu arba'in yana zaune kusa da wanda bai taɓa wuce matakin farko ba, kowa na jiran waya. Sunan da ke bakin kowa a lokacin Rich Hill ne. Shi ma bahago ne, a 2015 yana da shekara 35 ya sauko wannan gasa ya yi wa Long Island Ducks wasa biyu, Boston Red Sox ta ɗauke shi, kafin ƙarshen 2016 ya sa hannu da Los Angeles Dodgers a kan dala miliyan 48 na shekara uku. Labarin gaskiya ne, kuma ya riƙe mutane da yawa a filin, wasu har fiye da yadda ya kamace su. Hill yana da jifan lanƙwasa wanda samun irinsa sai an tona. Yawancinmu abin da muke da shi lafiyar hannu ce da shirin tashi cikin dare.

Meziko ta fi biya, don haka da aka kira ni ban yi jinkiri ba. A can na ga yadda iska ke sauya sana'a. Birnin Meziko yana kan tudu mita 2,240 sama da teku, Puebla ma kusan haka. Iska ba ta da kauri, jifan lanƙwasa ba ya lanƙwasa sosai, ƙwallon da aka doka kuma ta yi ta tafiya. Ka sauka Merida a yankin Yukatan, inda zafi da laima suke, sai jifan nan ya dawo da cizonsa. Dole ka san garin da kake kafin ka san abin da za ka jefa. Baƙon ɗan wasa kuma ba shi da uzuri: wasa biyu ko uku marasa kyau, an sallame ka, wani yana cikin jirgi yana tahowa. Na ga haka a gasar hunturu ta Karebiyan ma, inda nasara ta yau kawai ake nema, babu mai zancen renon ɗan wasa. Duk inda na sauka, mai cafka nake fara nema in zauna da shi, domin shi ya san masu sandar gasar ɗaya bayan ɗaya. Sifaniyancin da na tsinta a titunan Bronx ya yi mini rana fiye da duk wani atisaye. Na kuma koyi karanta kwantiragi da kaina: wa zai biya tikitin komawa, wa zai biya masauki, wace rana zan iya ficewa idan wata ƙungiya ta neme ni.

Akwai masu ganin yawan sauya ƙungiya alamar gazawa ce. Ban yarda ba. Edwin Jackson ya yi wa ƙungiyoyin MLB 14 wasa, ya kafa tarihin a 2019 da ya je Toronto, inda ya wuce Octavio Dotel mai 13, sai a 2025 Rich Hill ya kamo shi yana da shekara 45. Jackson ya taɓa hana Tampa Bay dukan kirki ko ɗaya a wasa guda a 2010, da jifa 149, ya kuma ci kofin zakarun MLB da St. Louis a 2011, shi da Dotel a ƙungiya ɗaya. Kafin mutum ya sauya riga sau 14, sai shugabanni 14 sun zauna sun ce shi suke so. Ana sake ɗaukar mutum ne idan an san zai karɓi ƙwallo duk ranar da aka miƙa masa, ko a farkon wasa ko ana bayansu da ci takwas, ba zai ɓata ɗakin 'yan wasa da ƙorafi ba, yara kuma za su ƙaru da zama kusa da shi. Kociyoyi suna waya da juna, kuma kowane aikin da na samu bayan 2017 ta bakin wani da muka taɓa zama tare ya zo.

Ƙarshen 2019 wata babbar ƙungiya ta sake ba ni kwantiragin ƙaramar gasa. Sai 2020 ta zo da abu uku a jere. An kafa dokar cewa mai jifan da aka sako dole ya fuskanci masu sanda uku ko ya ƙarasa rabin zagayen, abin da ya kashe aikin bahagon da ake kawowa don mai sanda bahago ɗaya tak, aikin da nake sa rai da shi. Annobar korona ta sa aka soke kakar ƙananan gasanni gaba ɗaya, aka sallami ɗaruruwanmu. Sannan aka rage ƙananan ƙungiyoyin zuwa 120, zaɓen sababbi ya koma zagaye 20 daga 2021. Na koma Atlantic na yi kaka ɗaya, a shekarar da suka gwada ja da tudun jifa baya da nisan ƙafa guda, kusan santimita 30, a rabi na biyu na kakar. Hannuna yana nan lafiya, amma wayar ta daina ƙara, ga aure ga ɗiya, sai na ajiye.

Waɗanda suka zo bayanmu sun fi mu sa'a, kuma ina murna da hakan har zuciya. Daga 2022 ƙungiyoyi ke ba yawancinsu masauki, a shekarar suka shiga ƙungiyar ƙwadago, yarjejeniyar 2023 kuma ta ɗaga mafi ƙarancin albashin matakin ƙarshe daga dala 17,500 zuwa 35,800 a shekara, na sababbin shiga daga 4,800 zuwa 19,800. Yanzu ina koyar da yara jifa a Bronx, cikinsu har da 'ya'yan mutanenmu na Gana da Nijar da Najeriya. Ba na barin ɗan shekara goma sha biyu ya yi ta jifa duk shekara babu hutu, komai nacin mahaifinsa, domin tun daga wannan shekaru jijiyar gwiwa ke fara gajiya. Jifan yaudara nake fara koya musu kafin na lanƙwasa. Iyayen da suka tambaye ni ko ɗansu zai kai MLB, nakan ce su fara neman makarantar da za ta ɗauki nauyin karatunsa saboda hannunsa, ya kuma gama digirin kafin ya sa hannu a kowace takarda, sai fa idan kuɗin da aka ajiye a gabansa ya isa ya biya karatun daga baya.