Amfiya Biyu Kacal

Asabar, da dare.

Tun da safe na kwance murfin tsohuwar kwamfutata IBM 5150, da niyyar kafin rana ta take in saka mata faifan ajiya. Wata uku ke nan wani Seagate ST-412 yana zaune a kan teburina, mai megabait 10, nauyi kamar bulo. Na ɗaura shi, na jona katinsa, na soka filogin nan mai wayoyi huɗu, na kunna. Fanka ta juya, faifan ya yi ɗan gurnani kamar zai tashi, sai komai ya yi tsit. Allo baƙi ƙirin. Na cire faifan, kwamfuta ta tashi lafiya lau. Sau uku ina maimaita wannan wauta kafin na ɗauko mita.

Laifina ne, don na san labarin. Injin nan na 1981 da akwatin wuta mai wat 63.5 ya fito, lokacin fulofi (na'urar karanta faifan floppy) kawai ake zaton zai ciyar. Da magajiyarta, IBM XT, ta zo a 1983 ɗauke da irin wannan faifan, ai wat 130 aka ba ta. Ni kuwa na yi lissafin 'yan koyo: na tara abin da kowane kati ke ci, na ga da saura, na ce ya isa.

Ashe jimillar ba ta gaya maka komai. Wutar a rabe take layi-layi. Layin volt 5 yana da amfiya 7 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ce), na volt 12 kuwa amfiya 2 kacal, kuma daga nan fulofi biyu ke sha. Faifan yana buƙatar ya kai juyi 3,600 a minti, kuma a daƙiƙun farko, kafin ya ɗauki gudu, yana zuƙar wuta fiye da yadda yake ci in ya daidaita. Na sa mita a jikin wayar rawaya, ta layin volt 12, na kunna, ina kallo lambar ta zube ƙasa. Akwatin ya ga nauyi ya fi ƙarfinsa ya kashe kansa. Gara haka da hayaƙi. Ga kuma kafasitocin cikinsa, masu tara wuta, da suka haura shekara 40, ban ma yarda suna ba da abin da aka rubuta ba.

Da yamma na yi tunanin sa akwatin wuta na zamani, sai na tuna yawancinsu sun daina fitar da volt 5 na ƙasa da sifili, wanda ƙwaƙwalwar 4116 da ke kan babban allon cikin kwamfutar (motherboard) take buƙata. Na haƙura.

A ƙarshe katin XT-IDE na sa, mai haɗa tsohuwar kwamfuta da ma'ajiyar zamani, da ɗan katin ajiya na CompactFlash. Ba ya taɓa layin 12 ko kaɗan, DOS, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ta hau ba gardama. Amma shirun ya dame ni, don ƙarar nan ta faifai ita na yi wata uku ina jira. Na mayar da faifan kan tebur. Gobe zan gwada ba shi akwatin wutarsa daban.