Alhamis, Sakkwato: sunana ya fito, amma ba inda na nema ba

Yau da hantsi na je shagon intanet na bakin titinmu don duba CAPS, shafin da JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ke sanar da gurbin karatu. Sunana ya fito a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Sai dai likitanci na nema, ilimin ƙananan halittu aka ba ni. Makina a cikin 400 bai kai na masu likitanci ba, na san da haka tun ranar da sakamako ya fito, amma zuciya ba ta jin lissafi. Maɓalli biyu ne a gabana, karɓa ko ƙi. Mai shagon ya ce in na karɓa, shi ke nan, ba sauran jiran wani gurbi bana. Na biya kuɗinsa na fito ban taɓa ko ɗaya ba.

A gida Kawu ya riga ni isowa. Da jin labari ya ce yana da ƙafa, a bari ya yi magana da wani. Baba ya ce, "A'a, Malam. Abin da aka samu ta bayan gida ba ya albarka." Inna kuwa tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba: "Mi kaka ma fushi? Rabonka ba ya wuce ka. Tai ka yi istihara."

Ni abin da ya fi damuna kuɗi ne. Gero bai yi kyau a gonarmu ba bana. Tallafin karatu na jiha sai da takardar shiga makaranta da shaidar ƙaramar hukuma ake nemansa, wato sai na karɓa tukuna. Akwai kuma NELFUND, bashin karatu na gwamnatin tarayya da aka fara a 2024. Baba ya ɗaure fuska da jin kalmar bashi, har sai da na ce babu kuɗin ruwa, kuma biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa. Ya ce zai tambayi liman.

Bayan isha na yi raka'a biyu, na karanta addu'ar. Wurin da ake roƙon in abin sharri ne a gare ni, Allah ya kawar da shi, ya kawar da ni daga gare shi, nan harshena ya yi nauyi, don likitancin nake tunawa.

Takarduna suna cikin jaka. Litinin zan tafi sakatariya neman shaidar ƙaramar hukuma, in sha Allah. Maɓallin kuwa sai Baba ya dawo daga wajen liman.