Shekara 12 da suka ɓace mini a tarihin Phi Omega Pi

Abokan aiki, albishirinku. Daren jiya wajen ƙarfe ɗaya na kamo bakin zaren muƙalar Phi Omega Pi, bayan sati uku ina lalube a cikin duhu.

Kun san shirin da na ɗauko a Wikipedia ta Hausa: ƙungiyoyin ɗalibai mata huɗu na jami'o'in Amurka da suka narke cikin Delta Zeta, kowace sati ɗaya. Beta Phi Alpha a 1941, Phi Omega Pi a 1946, Delta Sigma Epsilon a 1956, sai Theta Upsilon a 1962. Ta farkon ba ta ba ni wahala ba, kwana biyar na kammala. Ta biyun ce ta tsaya mini a wuya, har lissafin satin ya watse gaba ɗaya.

Ko'ina na duba, magana ɗaya ce: an kafa ta a 1910 a Jami'ar Nebraska da ke Lincoln. Amma yawancin masu faɗin haka daga tarihin Delta Zeta suka kwaso, ni kuwa ba na son in jingina muƙala a kan bakin wanda ya ci gado kaɗai. Sai na sauke kundin shekara-shekara na ɗaliban jami'ar, Cornhusker, na shekarun farko bayan 1910. Fayilolin nan nauyi gare su. Data ta naira dubu huɗu ta tafi cikin kwana biyu, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na buga sunan a wurin nema, shiru. Na ce ƙila na'urar da ta karanta hotunan shafukan ce ta rikice, tunda ta saba dagula haruffan Girka da ake rubuta sunayen waɗannan ƙungiyoyi da su. Don haka na koma bin shafi ɗaya-ɗaya a waya, ina buɗa hoto da yatsu biyu har idona ya riƙa ruwa. Ga 'yan mata nan jere cikin fararen riguna, gashi a naɗe, kowace ƙungiya da haruffanta a saman shafi. ΦΩΠ, wato Phi Omega Pi, kuwa ko alamarta. Har na fara zargin shekarar 1910 ɗin kanta, saura kaɗan in cire ta daga akwatin bayani.

Jiya na koma wani tsohon bugu na Baird's Manual, littafin da daga 1879 zuwa 1991 ya riƙa tattara bayanan irin waɗannan ƙungiyoyi, na karanta sashenta a tsanake maimakon tsallake zuwa jerin rassa kamar yadda na saba. Ashe ba da wannan suna aka haife ta ba. Achoth ake kiranta, sai a 1922 ta koma Phi Omega Pi. Kalmar Ibrananci ce, ma'anarta 'yar'uwa, dangin "ukhti" ɗin nan da muka sani a Larabci. Waɗanda suka kafa ta 'yan Order of the Eastern Star ne, ƙungiyar da ke da alaƙa da ƙungiyar 'yan'uwantaka ta Freemason.

Wallahi na wuce shafin Achoth ya fi sau biyar. Da ban ga harafin Girka a kai ba, sai na ɗauka wani ƙaramin kulob ne na cikin makaranta. Da na sake buɗe shi daren jiya, tashi na yi tsaye don murna. Yanzu shekarun 1910 zuwa 1922 sun samu hujjarsu daga zamaninsu, na sa tsohon sunan a layin farko, na kuma sa duk wanda ya nemi Achoth a tura shi zuwa muƙalar.

Wani abu da nake roƙonku: kada mu riƙa rubuta "ƙungiyar asiri" a waɗannan muƙaloli. Mai karatu a Kano ko Zariya da ya ga haka, 'yan daban jami'o'in Najeriya ne za su faɗo masa a rai. Waɗannan kuwa a fili suke, da gidajen kwanansu da hotunansu a kundin makaranta. "Ƙungiyar zumunci ta ɗalibai mata" nake sawa, kuma ta zauna daidai.

Teburin rassa bai kammalu ba. A 1933 Phi Omega Pi ita ma ta haɗiye Sigma Phi Beta, kuma sai na rarrabe reshen da nata ne na asali da wanda ta gada kafin in cika layukan. Wanda zai taya ni da Theta Upsilon ya kula, irin wannan tarkon yana can: a Jami'ar California da ke Berkeley da sunan Mekatina ta fara. Delta Sigma Epsilon kuma a Jami'ar Miami ta garin Oxford a jihar Ohio aka kafa ta a 1914, don haka kada a haɗa mahaɗar da birnin Miami na Florida. Ita zan taɓa ranar Asabar in Allah Ya kai mu, in na samu na sake sayen data.