Ƙarfen kas ba ya son gaggawa

Shagona yana Sabon Garin Zariya, ni da yara uku. Aikinmu shi ne yi wa kayan kas, wato ƙarfen zubi, rigar wani ƙarfe don kada tsatsa da yashi su cinye su. Da an ɗauke ruwa, manoman fadamar Galma ke cika mana shago da fankar injin ban-ruwa, yashin kogi ya lashe bakinta ta zama kamar tsohon cokali.

Kas ba irin ƙarfen ƙofa ba ne. Sinadarin gawayin da ke cikinsa ya haura kashi 2 cikin 100, shi ya sa ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye. Ga shi kuma yana shan mai kamar soso. Fankar da ka wanke tas da fetur, kana ɗora mata wuta sai ka ga baƙin mai yana tsattsafowa daga jikinta. Idan ka yi shafi a kan wannan, mako biyu ya ɓare. Don haka sai mun ƙone man, mun goge da dutsen guga har ƙarfen ya fito fari.

Garin nikel muke fesawa da wutar gas. Nikel ya fi tsada, amma shi ne ke zaman lafiya da kas, ba ya sa wurin ya yi taurin da zai gagari injin sassaƙa. Wahalar tana wajen wuta: garin na narkewa wajen digiri 1,000, kas kuwa kusan 1,200. Ido ne ma'auninmu. Da garin ya yi sheƙi kamar an zuba masa mai, sai a janye.

Wani hunturu, ina sabon buɗe shago, wani dattijo ya matsa mini, tumatirinsa na ƙonewa. Da fankarsa ta sauko daga wuta, sai na ajiye masa ita a bakin ƙofa ta sha iska don ta yi saurin hucewa. Muna cikin lissafin kuɗi muka ji ƙas! Ta tsage gida biyu. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, da ka ce in dawo gobe, ai da na dawo." Har yau maganar tana ci mini rai. Na saya masa sabuwa daga aljihuna.

Yanzu akwai rabin durom cike da toka a bayan shago. Duk abin da ya sauko daga wuta can yake kwana ya huce a hankali, mu tono shi da safe da sauran ɗuminsa.