Abin da arnika ta koya min a lambun Jamus

Lokacin da nake firaktikal a wani lambun rainon tsirrai a kudancin Jamus, aikin farko da aka damƙa min shi ne kwami biyu na arnika. Ɗan tsiro ne mai fure ruwan ɗorawa, dangin furen sunflawa, asalinsa tsaunukan Turai ne irin su Alps, kuma da furen ake haɗa man shafawa na targaɗe da kumburin buguwa. Ba a sha, guba ce a ciki, ba a kuma sa shi kan buɗaɗɗen rauni.

To ni ɗan manomi ne, a gidanmu in shuka ta yi yaushi taki ake ba ta, in ƙwari suka dame ta a barbaɗa toka. Da na ga tsiran nan sun ƙi tashi, ganye kawai kwance a ƙasa ga dodon koɗi yana ta ci da dare, sai na zuba musu taki na bi da tokar itace ban tambayi kowa ba. Cikin 'yan makonni ganyen ya koma rawaya, kwami guda ya tafi, wallahi abin ya min ciwo sosai don irin da hannuna na shuka shi.

Matar da ke koya mana aiki ba ta yi faɗa ba, ƙasar ta sa na auna. Ashe arnika ƙasa mai tsami take so, mara ƙarfi, wadda ruwa baya kwanciya, ita kuwa toka kashe tsamin take yi. Ko ruwan famfon yankin ba ta so saboda allin da ke ciki, sai ruwan sama da muke tarawa a tanki. Kuma kwanciyar ganyen nan ba ciwo ba ne, haka take yi a shekarar farko, fure sai shekara ta 2 ko ta 3, wajen Yuni zuwa Yuli. Da sanyi saman ya bushe kamar ta mutu amma saiwar na nan da rai.

A Jamus doka ta hana tsinkar ta a daji saboda ta yi ƙaranci, kuma takin zamani da ake zuba wa filayen kiwo na cikin abin da ya kore ta. Akwai wata 'yar uwarta ta Arewacin Amurka da ba ta da wannan tsirfa, ita ake ba sabon shiga, amma na roƙa a bar min kwamin da ya rage. Dodon koɗin da hannu na riƙa tsince shi kullum da asuba, ciyawa ma da hannu. Shekara ta zagayo, bayan na dawo gida, aka turo min hoton furen ta WhatsApp.