Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan rashin lafiyar Auta

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, yau kwana 12 da aka sallamo ɗiyata Auta daga asibiti a can Amurka, kuma sai yau na samu natsuwar zama in rubuta wannan, don wallahi kwanakin baya ko waya na ɗauka hannuna rawa yake. Waɗanda suka kira ban ɗaga ba da masu saƙo a WhatsApp da ban amsa ba, don Allah ku yi min afuwa, ba wulaƙanci ba ne.

Da yawanku kun san ƙwallon kwando ce ta kai ta jami'ar can, wannan ce shekararta ta biyu. Bara kusan a benci ta ƙare, sai bana Allah Ya sa kociyarsu ta fara saka ta cikin biyar ɗin farko. Su farkon Nuwamba suke buɗe kakar wasa, suna fara karawa da makarantun da ba na rukuninsu ba kafin a shiga wasannin rukuni wajen sabuwar shekara. Wasan ƙarfe 7 na yamma a wajensu ƙarfe 1 na dare ne a nan Kano, haka ni da Babansu za mu tashi mu jingina waya a jikin fulas ɗin shayi, zango huɗu ne kowanne minti 10 amma sai a kwashe kusan awa biyu ana abu ɗaya, shi yana ta faɗa da alƙalin wasa kamar ana jin sa. Sun fara da ƙafar dama, sun ci wasu an ci su ɗaya, kuma kowa ya ga yaran sun fara fahimtar juna.

Ƙarshen Nuwamba lokacin hutun Thanksgiving suka yi tafiya mai nisa a bas zuwa wata 'yar gasa, wasa a jere ba hutu, suka sake kwasar wannan doguwar hanya suka dawo. Bayan kwana biyu ta ce min sha-raɓarta ta hagu na ciwo. Ni kuma na ce jijiya ce ta harɗe, ki gasa da ruwan zafi ki murza man zafi. Wannan maganar har yanzu in na tuna ta sai gabana ya faɗi, don daga baya likita ya ce murza wurin na iya ƙara ɓallo abin. Iyaye ku riƙe wannan don Allah, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi bayan doguwar tafiya, asibiti za a tafi kai tsaye.

Godiyata ta farko bayan Allah ga matar da ke kula da lafiyar 'yan wasansu ce. A wajen atisaye ta lura Auta zagaye biyu kawai ta yi amma tana haki ta dafa gwiwa, yarinyar da ba ta san gajiya ba. Ta zaunar da ita, ta ɗauko tef ta auna ƙafafun biyu ta ga ta hagu ta fi kauri, ta maƙala mata ɗan abin nan na yatsa mai auna iska a jini. Auta na ta roƙonta wai ta bari sai bayan wasan Asabar, kun dai san ta da kafiya, matar nan ta ce ko takalmi ba za ta sake ɗaurawa ba, ta saka ta a motarta sai imajensi. Hoton da aka ɗauka ya nuna jini ne ya daskare a jijiyar ƙafa, wani guntu ya ɓalle ya wuce huhu. Likita ya ce dogon zama wuri ɗaya da ƙarancin shan ruwa na cikin abin da ke jawo shi. Baiwar Allah, ban taɓa ganinki ido da ido ba amma kina cikin addu'ata har in koma ga Mahaliccina.

Kociyarsu ita ta kira mu da kanta, ta riƙe wayar a bidiyo har na ga fuskar ɗiyata da robar iska a hanci, tana ɗago min hannu wai Umma kar ki yi kuka. Ni ina Kano ita tana wata duniya, ba biza a hannu ba yadda zan yi, ranar na san mene ne nisa. Yaran tim ɗin nan kuwa su suka zame mata dangi. Sun raba kwana a tsakaninsu, ga karatu ga atisaye amma ba a taɓa barin ta ita kaɗai ba. Ɗaya daga cikinsu, Kirista ce, ita ta nemo alƙibla a wayarta ta gyara mata kujera ta yi sallah a zaune, ta kuma tsaya bakin ƙofa don kar a shigo. A wasan da suka buga tana kwance duk sun rubuta lambar rigarta a tef ɗin da suke naɗawa a hannu. Allah Ya shi muku albarka 'ya'yana, Ya ba iyayenku ladan tarbiyya.

Sai Hajiyarmu 'yar Damagaram. Ba mu santa ba ba ta san mu ba, wani ne ya tura labarin a gurup ɗin Hausawan can, washegari ta tuƙa mota awa biyu cikin wannan sanyi da kulolinta, kunun gyaɗa da tuwo miyar kuka. Auta da ta ƙi cin komai na asibitin sai ga shi ta shanye kofi guda. Hajiya ta kwana biyu a kujera, ta tsefe mata kai ta yi mata kitso, da na fara yi mata godiya a waya ta katse ni ta ce haba Yaya, ɗa na kowa ne. Allah Ya saka miki da gidan Aljanna, Ya jiƙan magabatanki.

Ban manta da malaman unguwa da 'yan Islamiyyarmu da suka sauke Alƙur'ani ba, da maƙwabtan da suka riƙa aiko abinci don sun san ba a ɗora tukunya a gidan nan, da ƙannen Babansu da suka kwana a tsakar gida tare da mu.

Masu tambaya ko sikila ce, a'a. Tun 2010 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta fara tilasta tantance jinin 'yan wasan manyan jami'o'i a kan wannan, an duba nata kafin ta taka fili, AA ce. Yanzu tana kan maganin tsinka jini na aƙalla wata 3, kuma muddin tana sha ba ita ba wasa, don ko gwiwar hannu aka kai mata jini zai iya ɓallewa. Bana dai ta wuce ta. Amma tallafin karatunta na nan, kuma makaranta za ta nema mata a mayar mata da shekarar, wato kar a ƙirga bana cikin shekarun da aka ƙayyade wa ɗalibi ya buga wasa, tunda ciwon a farkon kaka ya zo kuma wasannin da ta buga ba su haura kashi 30 cikin 100 ba.

Waɗanda suka ce mu dawo da ita gida ta bar ƙwallon nan haka, na san ƙauna ce ta sa, na gode. Amma yarinyar nan tun tana JSS take bin kwando, ranar da D'Tigress, tim ɗin ƙwallon kwando na matan Najeriya, suka kai zagayen kwata fainal a Olamfik ɗin Paris a 2024 kuka ta yi ta yi don murna. In likitoci sun ce ta koma, ni da Babanta mun sa mata albarka, in sun ce a'a za mu rungumi ƙaddara tare.

A watan Maris za a sake yi mata hoto, ku ci gaba da sa ta a addu'a don Allah. Asabar ɗin nan suna da wasa a gida, an ce za ta zauna a benci da kayan gida tana riƙe wa kociya takarda, ni da Babansu mun riga mun saita alam ƙarfe 1 saura kwata.