Cocin da aka gina a kan kasuwar bayi a Zanzibar

Daga Darussalam awa biyu ce a jirgin ruwa mai sauri. A lokacin da na je, baƙo da dala yake biya, kuɗinsa ya ninka na ɗan ƙasa nesa ba kusa ba, kuma a bakin tasha wani jami'i ya fizge fasfona ko amsa sallama bai yi ba. Amma abin da ya kai ni, wato babban cocin Angilikan na unguwar Mkunazini, ya mantar da ni wannan.

A 1873 Sultan Barghash, sarkin Zanzibar, ya rufe kasuwar bayin garin, a Kirsimetin shekarar aka aza harsashin cocin a daidai filin, aka buɗe shi a 1879. Bishop Edward Steere ya tsaya kan aikin, kabarinsa na bayan bagadi tun 1882. Gaban bagadin akwai farin da'ira a daɓe, kewaye da jan dutse, inda masu jagora ke cewa nan ake ɗaure bayi ana yi musu bulala. Na daɗe a tsaye a wurin. Mu ma muna da kasuwannin bayi a da, ban san ko ɗaya da muka yi wa alama haka ba.

Rufin ne ya fi ɗaukar hankalina. Dogon baka ne, an zuba shi da dakakken dutsen murjani da siminti, ya tuna mini da bakan gizon Babban Gwani a masallacin Juma'ar Zariya, sai dai namu azara ce da laka. Bangon murjani ne da farar ƙasa. Dutsen yana shan ruwa, dole a bar shi ya sha iska. Aka yaɓe shi da siminti, danshi ya maƙale ciki, gishirin teku ya cinye shi. Kuskuren da muke yi ke nan da ginin tubali. Rufin nan ya taɓa tsagewa, sai da aka yi masa babban gyara.

A dubi ginshiƙan bakin ƙofa: magina sun kafa su kai a ƙasa lokacin da Steere ba ya gari, haka aka bar su. Akwai kuma ƙaramin gicciye na itacen da aka binne zuciyar David Livingstone, Baturen mishan da ya yi yaƙi da cinikin bayi, a gindinsa a Zambiya.

Tikitin shiga ya haɗa da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa guda biyu da ake cewa nan ake tsare bayi, masu duhu, babu miƙewa tsaye sosai. Kanumfari kuwa a saya a kasuwar Darajani, ya fi araha, a yi ciniki sosai.